Civic ɗin da na sauke tana cin taya ta ciki: littafin aikin gyara

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Yaron mai faci ne ya fara gani, ba ni ba. Na tsaya da safe a ƙara mini iska, ya durƙusa a gaban tayar hagu, ya daɗe bai tashi ba. Can sai ya ce, "Oga, karya sitiyarin nan gaba ɗaya, ka sauko ka gani." Na karya, na sauko. Daga waje tayar kamar jiya aka sa ta. Ta ciki kuwa, kusan faɗin yatsu uku, zanen ya shafe, saura ƙiris ta zama sumul kamar tafin hannu.

Ga wanda bai san motar ba: Honda Civic ce ta 2008, 'yar Amurka, inji 1.8, taya 205/55 a kan rim mai inci 16. A watan Oktoban bara na cire mata sifirin na asali na sa gajeru, ta sauka kamar milimita 35. Tayoyin gaba sababbi ne, a Satumba na saye su. Daga sauke ta zuwa yau ta yi tafiyar kilomita 6,000 da ɗoriya (mil take ƙirgawa, ni nake juyawa). Alayimen, wato saita tsayuwar tayoyi, kuwa ban yi ba. Sitiyari bai ja hagu ba, bai ja dama ba, sai na ce ai lafiya lau.

Da na faɗa wa Baba da yamma, ko ɗagowa bai yi daga rediyonsa ba. Ya ce, "Masu motar sun yi mata ƙafafu, kai ka zo ka gutsure. Wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa." Na ce, "Haka ne, Baba." Me zan ce?

Ba zan mayar da ita tsayinta na da ba. Ina son yadda take zaune, ina son yadda take kama kwana. Abin da zan yi shi ne in gano ainihin abin da ke cin tayar, in gyara, in riƙa rubutawa a nan.

Lahadi, 5 ga Janairu

Awo na farko, da tsinken ashana da rular ƙanena. A tura tsinken cikin ramin zanen taya, a danne da farce daidai saman robar, a ciro a ɗora a kan rula. Wuri uku a kowace taya: ramin waje, na tsakiya, na ciki.

Gaba hagu: 6.5, 5.5, 2. Gaba dama: 6.5, 6, 3. Baya hagu da baya dama duk ɗaya: 5.5, 5, 4. Duk da milimita. Sabuwar taya irin wannan tana zuwa da kusan 8, kuma ɗan tudun nan da ake sawa cikin ramin zane don nuna ƙarshen rayuwarta yana kan 1.6. Wato ta gaba hagu, a wata uku, gefenta na ciki ya kusa kaiwa ƙarshe, gefen waje kuwa ko ƙuruciya bai gama ba.

Sai na shafa tafin hannuna a kan tayar gaba, a kwance, daga wannan gefe zuwa wancan. Ta ɓangare ɗaya hannu na wucewa sumul. Da na dawo da shi sai na ji yana sarƙewa, kowane zane da ɗan kaifinsa, kamar haƙoran zarto. Tayoyin baya ba su da wannan kaifin. Na rubuta shi, na ja layi a ƙarƙashinsa.

Asabar, 11 ga Janairu

Duk wanda na nuna wa motar abu ɗaya yake faɗa: kamba ce, wato karkacewar saman taya ciki ko waje. Kuma ba laifinsu ba ne, don ita ce ido ke gani. In ka tsaya a bayan motar za ka ga saman tayoyin ya karkata ciki, ƙasansu ya buɗe waje, kamar mai gwame. Haka mota ke yi in an sauke ta, musamman ƙafafun baya na irin wannan Civic ɗin: an ƙera su ne yadda duk lokacin da jikin motar ya nutsa, saman taya zai ƙara kwanciya ciki, don ta taka ƙasa sosai a kwana. Ni kuma da gajeren sifirin na mayar da wannan nutsawar ta zama zamanta na kullum.

Amma akwai abin da bai shige mini ba. Tayoyin baya ne suka fi gwame, kowa na gani, su kuma bambancin ciki da wajensu milimita ɗaya da rabi ne kacal, alhali sun girmi na gaba. Na gaba da ke tsaye kusan cak su ne suka cinye. Na san gaba ce ke ɗauke da inji, ita ke ja, ita ke juyawa, dole ta fi saurin ci. Amma ci ta gefe ɗaya haka, da haƙoran zarto? Ba a nan gizo ke saƙa ba.

Na aro filam, zaren nan mai nauyi a ƙarshe, a wurin maginin da ke aiki a maƙwabta, na kai motar kan daɓen siminti mafi daidaito da na samu, na rataya zaren a gefen kowace taya, na auna daga zare zuwa leɓen rim a sama da a ƙasa. Daga leɓe zuwa leɓe santimita 43 ne, don haka kowane milimita 7.5 na bambanci digiri ɗaya ke nan. Gaba: 9 da 8, wato digiri ɗaya da 'yan kai. Baya: 20 da 19, digiri biyu da rabi da ɗoriya. Digiri ɗaya na kamba ba ya cinye taya a kilomita 6,000. Motoci da yawa da kusan haka suke fitowa daga kamfani.

Saura abin da ido ba ya gani, wanda masu alayimen ke kira to: inda hancin taya ke kallo, ko ciki ko waje, in ka leƙo motar daga sama.

Laraba, 15 ga Janairu

Kafin awon to sai an tabbatar babu abin da ke girgiɗi, in ba haka ba awon banza ne. Bayan tashi daga aiki na biya gareji. Maigidan ya ɗaga gaban motar, ya kama taya hagu da dama ya jijjiga. Ta dama shiru. Ta hagu, ƙwas-ƙwas. Kan tayarod, sandar da ke haɗa sitiyari da taya, ya mutu. Ya kama sama da ƙasa, babu motsi, bol-join da boris lafiya.

Sai ya haska fitilar waya a kan babban bushin (robar mahaɗi) na hannun ƙasa da ke riƙe taya, ya ce, "Alhaji, ranar da aka sa sifirin ɗin nan, motar na rataye aka ɗaure notinan ko tana ƙasa?" Na ce a rataye, a gabana aka yi. Ya girgiza kai. Robar bushin ba juyawa take a kan ƙarfe ba, murɗewa take. In aka ɗaure ta ƙafa na reto, da an sauke motar robar ta riga ta murɗe tun kafin a hau titi, ga kuma ƙarin milimita 35 da na ɗora mata. Ta tsage rabi. Wani gareji ne ya yi wancan aikin, amma ni ne na tsaya musu a ka ina cewa su yi sauri magariba ta kusa.

Asabar, 25 ga Janairu

Kan tayarod biyu da bushin biyu daga Kofar Ruwa. An sa, kuma wannan karon sai da aka sauke motar a kan bulo, nauyinta na kan tayoyinta, yaro ya shiga ƙarƙashi ya yi ɗaurin ƙarshe. An sassauta na baya ma an sake ɗaurewa haka. Kafin a cire tsofaffin kan tayarod na sa an ƙirga zagayen da kowanne ya yi, aka mayar da sababbin da adadi ɗaya, don in auna motar kusa da yadda take lokacin da take cin tayar.

Lahadi, 26 ga Janairu

Ranar zare. Tun bayan sallar asuba nake abu ɗaya har azahar.

Kayan aiki: bututun ƙarfe biyu masu tsawon mita biyu, bulo huɗu, zaren kamun kifi, rular ƙarfe, da ƙanena wanda aka tasa daga barci yana gunaguni. Na haɗa bututun biyu wuri ɗaya na yi musu tsaga da zarto a duka ƙarshen, don tazarar tsagar ta zama ɗaya. Ɗaya a gaban mota, ɗaya a baya, a kan bulo, daidai tsayin tsakiyar taya. Zare ya tashi daga tsaga zuwa tsaga ta kowane gefe. Tunda tazarar ɗaya ce, zaren biyu ba za su taɓa matsowa ko buɗewa ba.

Wahalar tana wajen sa motar a tsakiyar wannan akwatin. Na fara da kuskuren da na tabbata kowa na yi: na nemi tazarar zare zuwa cibiyar taya ta zama ɗaya a duka huɗun. Ba za ta yiwu ba, don ƙafafun bayan Civic ɗin nan sun ɗan fi na gaba faɗi. Abin da ake nema shi ne hagu da dama na gaba su yi daidai da juna, hagu da dama na baya su yi daidai da juna. Minti arba'in na ɓata kafin kaina ya kawo wannan. Ga iskar hunturu tana kaɗa zaren, sai mun jira ta lafa mu karanta.

Iska 32 a kowace taya, kamar yadda takardar jikin ƙofar direba ta ce. Sitiyari a miƙe, na ɗaure shi da bel ɗin kujera. A ƙarƙashin kowace tayar gaba leda biyu da ɗan giris a tsakaninsu, don tayar ta iya zamewa in an juya ta.

Sai awo: daga zare zuwa leɓen rim ta gaban taya, da kuma ta bayanta.

Gaba hagu, leɓen gaba ya fi kusa da zare da milimita 3. Gaba dama, da milimita 2. Wato duka biyun waje suke kallo, jimilla 5, a motar da ake so gabanta ya zauna kusan sifili. Baya kuwa ciki suke kallo, hagu 1.5, dama 1, abin da ba shi da laifi.

Na zauna a kan bulo na yi lissafin da ya sa jikina ya yi sanyi. Milimita 3 a cikin 430 yana nufin duk mita ɗaya da motar ta yi gaba, tayar hagu tana son ta kauce gefe da milimita 7. Ba ta da hanyar kaucewa, don ta dama na ja ta ɗaya ɓangaren, sai dai ta gurzu. A kilomita ɗaya mita 7 ke nan. Kano zuwa Kaduna kusan kilomita 230 ne: tamkar an ɗaure tayar an ja ta a kaikaice a kan kwalta sama da kilomita ɗaya da rabi, a tafiya ɗaya. Na yi wannan hanyar sau huɗu tun Oktoba, zuwa da dawowa. Kambar ita ta zaɓi gefen da zai sha wuya, tunda ta jingina nauyi a ciki, amma gurzar daga to take. Shi ya sa kuma sitiyarin bai taɓa ja ba: biyun suna jayayya ne kusan da ƙarfi ɗaya.

Ƙanena ya ce, "Yaya, wato duk wannan don milimita biyar?" Na ce masa ya riƙe rula ya yi shiru.

Muka sassauta notin kulle, ina juya tayarod rabi-rabi, bayan kowane juyi mu tura motar baya mu dawo da ita gaba ta zauna, mu sake gyara zare, mu sake karantawa. Wajen zagaye na shida muka samu sifili a hagu, rabin milimita ciki a dama. Na fita gwaji a titin Gwarzo. Sitiyari ya ɗan karkace dama kaɗan, amma motar ta daina wannan rawar kan da take yi in ta hau gyaran kwalta, wanda da na ɗauka halin saukakkiyar mota ne.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Hannuwan sama na baya masu daidaitawa sun iso daga Legas. Kambar baya a motar nan ba ta da wurin gyara daga kamfani, sai an canza hannun. An sa, na tsawaita kowanne har filam ya nuna milimita 11, wato digiri ɗaya da rabi. Ban kai ta tsaye cak ba da gangan: in saman tayar ya fito da yawa zai riƙa shafar leɓen madigadi a kan rami, kuma ɗan gwamen nan yana da amfaninsa a kwana.

Taɓa kamba ya motsa to na baya, kamar yadda na zata. Sai an sake.

Litinin, 10 ga Fabrairu

Na kai ta wurin masu alayimen na kwamfuta, don zare da filam suna da iyakarsu, kuma ina son takarda. Matsala ta farko hawa kan injin: bamba ta gaba za ta daki ƙarfen hawan. Sai da aka nemo katakai biyu aka shimfiɗa, ina tafiya kamar mai taka ƙwai, yara uku suna ta "zo, zo, tsaya!"

Mai aikin ya maƙala na'urori a rim, ya gyara gaba cikin minti biyar, allon ya yi kore, ya ce an gama. Na ce, "Malam, bayan fa?" Ya ce ai ba a taɓa bayan ƙananan motoci. Na durƙusa na nuna masa notin daidaita to na baya da yatsa. Ya yi dariya, ya ce, "Yallaɓai, ashe kai ma ɗan hannu ne." Daga nan muka fahimci juna. Baya ake fara gyarawa, don ita ke nuna inda motar ta dosa, sannan a daidaita gaba a kanta, sitiyari a kulle a tsakiya. Na kuma roƙe shi kada ya tsaya don allo ya yi kore kawai, don koren nan fage ne mai faɗi, kana iya zama a bakinsa taya na ci. Na zauna a kujerar direba lokacin karatun ƙarshe, tunda ni kaɗai nake yawan zama a motar.

Abin da takarda ta nuna: to na gaba sifili, na baya milimita ɗaya ciki a kowane gefe, kambar gaba digiri 1.2 da 1.1, ta baya 1.5 da 1.6. Abin da ya fi faranta mini rai, karatun farko da injin ya yi wa gaba bai kai milimita ɗaya nesa da na zarena ba.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Sababbin tayoyi biyu, sai yanzu da na tabbatar ba za a zuba su a bakin kura ba. Kuɗin kowace ɗaya ya kusa mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu bara, naira 70,000. An yi ta tallata mini na gwanjo masu kyan zane a rabin kuɗi, na duba lambobi huɗun ƙarshe na jikinsu, waɗanda ke nuna mako da shekarar ƙira, na ga 2018 da 2019. Jami'an hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC shekara huɗu suke ba taya daga ranar ƙira. Na bar su. Waɗanda na saya 3824 ne, mako na 38 na 2024.

Sababbin na sa su a baya, na baya suka dawo gaba. Mai faci ya yi gardama, ya ce sabuwa gaba take zuwa. Amma damina na tafe, kuma in bayan mota ya kwace a kan jiƙaƙƙiyar kwalta sitiyari ba ya ceto. An yi balansin, na ɗaure notinan da kaina a kan ƙarfin ɗauri Nm 108, ba da tsallen da yara ke yi a kan sifana ba. Na kuma sayi ɗan ma'aunin zurfin zane mai nuna lamba, tsinken ashana ya yi ritaya. Awon farawa: gaba 5.4, 5.0, 4.0 hagu, 5.5, 5.1, 4.1 dama. Baya 7.9 ko'ina.

Asabar, 15 ga Maris

Azumi, babu ƙarfin shiga ƙarƙashin mota. Alli kawai na goga a kwance a kan kowace taya, na yi tafiyar mita ɗari a miƙe, na duba. Ya goge daga gefe zuwa gefe, sai ɗan saura a bakin waje na baya. Zafi ya shigo, iska da safe ta nuna 34 ba tare da na ƙara ba. Na rage.

Laraba, 2 ga Afrilu

Zumuncin Sallah, Kaduna da dawowa, mutum biyar da kaya a but. A nan saukakkiyar mota ke nuna ɗaya halin nata. Da nauyin nan bayan ya ƙara nutsewa, gwamen ya dawo, kuma kowane tudun rage gudu sai na hau shi a karkace, ƙafa ɗaya bayan ɗaya, masu Keke na yi mini hon. Sau biyu salansa ta gurji ƙasa. Uwargida ba ta ce komai ba, kallona kawai ta yi, wanda ya fi magana.

Da muka tsaya a Zariya na zagaya na ɗora hannu a kan kowace taya, ciki, tsakiya, waje. Na gaba ɗuminsu ɗaya. Na baya ciki ya ɗan fi zafi, ba sosai ba. Bayan Kwanar Dangora na faɗa wani rami da ƙafar dama, bugun da ya sa kowa ya yi salati.

Asabar, 5 ga Afrilu

Na mayar da zare saboda ramin nan. Yanzu minti ashirin ya ishe mu. Gaba dama ta buɗe waje da milimita ɗaya. Na mayar.

Asabar, 10 ga Mayu

Kilomita 3,100 tun sa sababbin tayoyi. Gaba hagu 4.9, 4.5, 3.5. Gaba dama 5.0, 4.6, 3.5. Wato kowane wuri ya ci kusan rabin milimita, ciki da waje kafaɗa da kafaɗa, kuma hannu na wucewa ta kowane ɓangare ba sarƙewa. Baya 7.7 a waje, 7.5 a ciki. Wannan 0.2 ɗin kambar ce, kuma na yarda in biya shi.

Amma na ji wani sabon abu a tayar baya ta hagu: in ka bi zagayenta da hannu ta gefen ciki akwai ɗan hawa da sauka, kamar an ɗeɗɗebe ta da cokali. Na leƙa da fitila, jikin shokazobar ya jiƙe da mai, ƙura ta manne. Na asali ne, an yi shi don dogon sifirin, wata bakwai ke nan yana aiki a matse. Na danna bayan motar da gwiwa na saki, ta yi lilo sau biyu kafin ta tsaya. Na kira maigidan gareji, ya ce in kawo ta Talata da safe, kuma in nemo masu gajeren jiki, guda biyu, kada in ce zan canza ɗaya. Bututun da zaren suna nan a bayan ƙofa, ban kwance tsagar ba.